Ragon Suna Da Ya Tsufa A Turke

A gidanmu na zangon Tamale an yi wani rago da ya fi wasu mutane gata. Ba a dukansa, ba a taya shi, kuma in Sallar layya ta zo sa'o'insa suna tafiya ƙarƙashin wuƙa, shi yana kwance a inuwar bishiyar dogon yaro yana tuƙa. Na yayata ne, wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba. Ya taɓa cinye mini gefen ɗankwali a kan igiyar shanya, ya kuma tunkuye ni a gaban baƙi har na zube da ƙwaryar ruwa. Amma yanzu da na tsufa, in na tuna Yaya shi nake fara gani.

Mijin Yaya korar shanu yake yi, a gidanmu kuma suke zaune. Dillalai su tara garke a kara, wato kasuwar shanu, shi da abokansa su kora su da ƙafa har Kumasi, su dawo da goro da faso a dugadugai. Mutum ne mai barkwanci, ko zagi ka yi masa sai ya mayar da shi abin dariya. Shekaru sun tura da aurensu ba ko ɓatan wata, matan zango sun yi tsegumi har sun gaji, shi kuwa ya yi musu kunnen uwar shegu.

A dawowarsa ta ƙarshe ya shigo da ɗan rago a kafaɗa, wai uwar ta mutu a hanya wajen Salaga, ya ji tausayinsa. Ya dire shi a gaban Yaya tana tsakiyar damu.

“Ga ragon suna na kawo,” in ji shi. “Saura ki kawo mai sunan.”

Yaya ta jefe shi da ludayi tana dariya. Bai fi mako ya yi a gida ba aka tara wani garken, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

A mashigin kogi na Yeji ruwa ya ci shi. Suna ƙetarar da shanu, wani bijimi ya bauɗe, ya bi shi don ya juyo da shi. Bijimin ya fita, shi bai fita ba. Abokin tafiyarsa ne ya kawo mana sandar da malafarsa, ya tsuguna a ƙofar gida ya kasa haɗa ido da kowa. Ba gawa, ba kabarin da za a nuna wa Yaya.

Wannan ya faru gab da sauke tutar Turawa. Gari ya ɗauka, makaɗan ƙabilar Dagomba suna ta kaiwa da komowa, ana harba bindigar toka, mu 'yan makaranta aka jera mu a fili muna kaɗa 'yan tutoci masu baƙin tauraro. Na yi ihu tare da kowa, ba zan yi ƙarya ba. Da na iso ƙofar gida sai na cusa tutar cikin zane kafin in shiga, don a ciki Yaya tana takaba: ba kwalli, ba mai, ba ɗaga murya, tana zaune a kan tabarma da 'yar wuƙar da ake ba mai takaba ta riƙe. Kiɗan yana shigowa ta saman katanga, ba yadda za a yi a hana shi.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta riƙe mu tun rasuwar innarmu, kuma ba abin da ke wuce idonta. Ita ta fara lura cewa lokacin fashin sallar Yaya ya zo ya wuce, Yaya tana ta alwala abinta. Ta ja ta ɗaki, suka yi ƙus-ƙus, ta fito tana share hawaye tana murmushi a lokaci ɗaya. Kafin la'asar labari ya kai unguwar Kaladan, wurin uwar mamacin. Tsohuwar 'yar Dagomba ce, shi kaɗai ta haifa. Ta zo ko takalmi babu, ta durƙusa a gaban surukarta, abin da ban taɓa gani ba, ta ɗora hannu a cikinta.

“Yarinya na,” ta ce, da irin Hausarta, “ɗa na ya tafi, amma ya bar mini ajiya. Kai ne ka riƙe shi yanzu. Riƙe shi da kyau, don Allah.”

Ranar ce Yaya ta fara cin abinci da kanta, ba sai an matsa mata ba. Har ta leƙa waje ta ce a ba ɗan ragon dusa.

Murnar ba ta kai mako biyu ba. Wata safiya na same ta a bayan ɗaki ta dafe mara, jini ya zo. Ya fi na kullum yawa, da ciwo, amma jini ne kawai. Gwaggo ta duba zanen, ta sake dubawa. Sannan ta miƙe ta yanke hukunci.

“Ɓari ana ganin sa, ni kuwa ban ga komai ba. Wannan cikin bai fita ba. Firgita ya yi, ya kwanta.”

A wurinmu wannan ba baƙuwar magana ba ce. Kowa ya san kwantaccen ciki: uwa ta firgita ko ta shiga baƙin ciki, sai ɗan ya daina girma, ya lafe a wuri ɗaya yana barci, jinin wata ya ci gaba da zuwa, har ranar da Allah ya tashe shi. Kowace tsohuwa tana da labarin wata da nata ya kwanta shekaru sannan ya tashi. Aka tambayi malamin unguwa, ya ce haka ne, magabata sun yi maganarsa, ɗan na mamaci ne, kuma ba a ɗaura wa mace aure a kan cikin wani. Ni ma na yarda. A ranar, maganar Gwaggo rahama ce, don da ta ce babu, ban san ko Yaya za ta kai ƙarshen takaba ba.

Takaba ta ƙare, jira bai ƙare ba. Yaya ta koma sana'arta ta fura, amma ta daina ɗaukar tulu, ta daina daka, ta koma kwanciya a gefe ɗaya kada ta danne shi. Ta sha rubutu har haƙoranta suka dafe. Wata Bafillatana daga rugar bayan Gurugu, wadda ke kawo mata nono, ta kawo mata saiwoyi masu ɗaci a jiƙa da tsamiya, wai suna tada mai barci. Duk wata jini ya zo, duk wata Gwaggo ta ce, “Abincinsa ne ke zuba, shi ya sa bai tashi ba,” a sake neman wani maganin. Tsohuwar Kaladan kuwa ba ta fasa zuwa ranar Juma'a ba, da 'yar ƙwaryar man kaɗanya, ta gaida mu, ta gaida cikin.

Maƙwabciyarmu ta haifi ɗa namiji a shekarar tutar nan. Da shi Yaya take awo. Ya zauna, ya yi rarrafe, ya fara tafiya, ya fara zagin mutane. In ya shigo sai ta gutsura masa fura, ta bi shi da kallo har ya fita. Ni na san lissafin da take yi, kuma raina yakan ɓaci har in rasa wa zan huce a kansa, sai in je in zagi ragon.

Shi kuwa gogan ya yi ƙiba, ƙahonsa ya nannaɗe. Duk layya sai mahauta sun leƙo. Yaya ta ce musu, “Yana da mai shi.” Ita ke yi masa wanka da sabulu, ita ke zuwa gonakin Lamashegu neman harawa, don a lokacin can Lamashegu gonaki sun fi gidaje yawa. Kullum da hantsi za ta fito da ƙwaryar dusa, ta tsuguna a gaban turke tana yi masa hira kamar mutum.

Akwai wani tela, mutumin kirki, matarsa ta rasu ta bar shi shi kaɗai. Wurinsa Yaya ta kai ɗinkin 'yan rigunan jariri, daga nan ya ga hankalinta ya aiko da magana. Aka gaya masa halin da ake ciki. Ya ce zai jira cikin ya tashi, ya kuma riƙe ɗan kamar nasa. Ya jira damina ta wuce, wata ta sake wucewa. Daga baya danginsa suka yi masa caa, ya auri wata. Ban ga laifinsa ba. Yaya da kanta ta dama furar da aka sha a bikin, ta dawo gida ta ce kanta na ciwo.

Ni a lokacin na gama makaranta, na shiga ajin koyon aikin ungozoma a asibitin gwamnati. Matan zango suka ce 'yar boko za ta koya wa kakanninta haihuwa. Na ce su bari in koyo tukuna, bakina dama ba shi da linzami. Baturiyar da ke koyarwa ta tattara ta koma ƙasarsu, aka kawo mana wata Sista 'yar kudu, daga bakin teku, doguwa, mai faɗa, mai kuma tausayi in ba a kallonta.

Wata rana ta shigo aji da curin yumɓu a hannu. Ta ce yau za mu ga farkon mutum, tun kafin uwarsa ta san da shi. Ta ce in ƙwan mace ya haɗu da iri na namiji, ba a cikin mahaifa suke haɗuwa ba, can sama ne a wata siririyar hanya da ke gangarowa zuwa mahaifar. Abin bai kai kan allura ba. Ta mulmula yumɓun, ta tsaga shi biyu ba tare da ta raba su ba. Biyun suka zama huɗu, huɗun suka zama takwas, tana ta tsagawa har ya koma wani dunƙule mai ƙurji-ƙurji kamar gwandar daji. Ta ce duk wannan a tafe yake yin sa, yana gangarawa a hankali, bai manne da kowa ba, guzurin da ya taso da shi da ɗan ruwan hanya su ne abincinsa. Sannan ta sa yatsa ta yi masa rami a ciki, ta ce nan ruwa ke taruwa, 'yan ƙwayoyin da suka taru a gefe ɗaya su ne za su zama mutum, na kewaye su zama mabiyiya. Wajen mako guda yana wannan tafiyar. In ya iso mahaifa sai ya yi ta shawagi yana neman inda zai kama. Ta manna yumɓun a jikin allo da ƙarfi, ya zauna.

Ta sake mulmula wani, ta taɓa shi da allon, ta sake shi ya faɗi ƙasa. Ta ce da yawa haka suke ƙarewa. Wani bai kama ba sam, ya bi jinin wata ya fita, uwar ba ta taɓa sanin ya zo ba. Wani ya ɗan kama ya saki, sai jinin ya yi jinkirin 'yan kwanaki ya zo da yawa.

'Yan ajin suna rubutu, ni ina kallon yumɓun da ke ƙasa. Da aka tashi na bi ta har baranda, na gaya mata labarin Yaya, na ce labarin wata maƙwabciya ne. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba.

“Ciki ba ya barci, yarinya,” ta ce, da Hausarta ta kasuwa. “Ko ya yi gaba, ko ya fita. Babu wurin zama a hanya, koraa, ko kaɗan.”

“To Sista, akwai shi da farko, ko babu?”

“Baƙin ciki kaɗai yana iya riƙe jinin mace. Yana yiwuwa kuma ya zo, ya taɓa, ya saki. Ni ban sani ba. Likita ma bai sani ba.” Ta dube ni da kyau. “Maƙwabciya nan, ka na son shi paa, sosai.”

Na koma gida da maganar a raina. Na iske Yaya tana tsefe wa ragon ƙaya daga gashi, tana rera masa waƙa. Ban gaya mata ba, ranar da kuma watannin da suka biyo. Wa ya aike ni? Da maganar kwantaccen ciki Gwaggo ta gina mata ɗaki ta zauna a ciki, ni ba ni da wani da zan ba ta in na rushe wannan.

Ana nan na yi aure, na auri wani malamin makaranta, ba a jima ba na sami ciki. Na ji kunyar Yaya kamar na yi mata sata. Ita kuwa ta fi kowa rawar jiki, ta hana ni ɗaukar ko buta, duk dokokin da ta ɗora wa kanta ta juye mini su.

Ita ta ɗauko maganar da kanta. Na zo gida da yamma, cikina ya fito sosai, tana zaune tana mulmula fura tana birgima ta a gari. Na zauna ina taya ta.

“Auta, naki yana motsi?”

“Yana yi, Yaya. Har ya hana ni sakat.”

“Nawa bai taɓa ba.” Ta ajiye curin da ke hannunta a ƙwarya. “Ke da kike karatun ciki, me suka ce muku? Kada ki yi mini irin maganar Gwaggo. Na girme ki, amma ba ni da wauta.”

Sai na ɗauki curin fura ɗaya. Na tsaga shi biyu, na tsaga huɗu, na yi mata duk abin da Sista ta yi da yumɓu, na gaya mata siririyar hanyar da tafiyar da neman wurin kamawa. Furar tana ta marmashewa. Yaya ta matso har kanmu ya kusa haɗuwa.

“Wa ke nuna masa hanya?”

“Ba kowa. Haka Allah ya tsara, hanyar ce ke tura shi.”

“Shi kaɗai?”

“Shi kaɗai.”

“In ya iso bai kama ba, laifin ɗakin ne ko na baƙon?”

“Ba laifin kowa ba ne, Yaya. Sau da yawa tun daga tasowa ba mai zama ba ne.”

“In ya fita, ba ya dawowa ya kwanta?”

“Ba ya dawowa. Ciki ba ya kwanciya.”

A waje masu tallan koko suna wucewa, ragon yana goga ƙaho a jikin turke.

“To nawa ya iso, ko bai ma taso ba?”

“Ban sani ba. Babu wanda ya sani sai Allah.”

“Da kin ce bai taɓa zuwa ba, da na ce mafarki na yi. Da kin ce yana nan, da na ci gaba da jira.” Ta share fuska da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci. “Ni dai na ji shi, Auta. Ya taso. Uban ma ai a hanya ya tsaya.”

Nan na fashe da kuka, ita ce ma ta koma rarrashina, wai kada in tada wa ɗan ciki hankali. Ta tattara marmashin furar da na tsattsaga, ta dunƙule shi ya koma curi ɗaya. Ba ta mayar da shi cikin na sayarwa ba, ba ta kuma ba ragon ba. Ta shiga da shi ɗaki.

Ba ta gaya wa Gwaggo ba, ba ta gaya wa tsohuwar Kaladan ba. Juma'a ta zo, tsohuwar ta ɗora hannu ta gaida cikin kamar kullum, Yaya ta bar ta. Abin da na lura kawai, ta daina jiƙa saiwoyin nan, kuma wata safiya na gan ta ta ɗauko tulu a ka daga famfo.

Na haifi ɗa namiji. Ranar suna da sassafe, maza sun taru a ƙofar gidan mijina, ragon da ya saya yana ɗaure, sai ga Yaya ta ɓullo daga kan kwana tana jan nata da igiya, an yi masa wanka fes. A ɗaya hannun tana riƙe da ƙullin 'yan rigunan da tela ya ɗinka. Mutane suka buɗe mata hanya, don duk zango ba wanda bai san ragon ba, ba kuma wanda bai san wa yake jira ba. Ta tsuguna ta gaida mijina, ta miƙa masa igiyar.

“Malam, a yanka wannan. An kawo shi ne don suna, ya daɗe yana jira.”

Mijina ya dubi liman, liman ya sunkuyar da kai ya ce a karɓa. Gwaggo tana daga zaure ta ga komai. Ta koma ciki ta zauna, ranar ba ta yi wa kowa faɗa ba. Tsohuwar Kaladan ta zo barka da hantsi, ta tarar da fatar a shanye, ta gane ta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta je ta zauna kusa da Yaya ta riƙe hannunta. Ba ta taɓa cikin ba.

Naman ya yi tauri kamar igiyar guga. An dafa, an sake dafawa, baƙi suna ta fama da shi suna tsokanar juna, wai wannan ragon ya ga zamanin Turawa. Yaya ita ta yi ta rabo, kowa ta zuba masa da hannunta. Ko romon ba ta kai bakinta ba.

Yaya ba ta sake aure ba, masu nema sun riga sun watse, ita ma ba ta nemi su dawo ba. Ita ta goyi ɗana har ya yi wayo, da shi da ƙannensa, kuma a hannunsa ta cika bayan shekaru masu yawa. Ni kuwa na karɓi haihuwa har na manta adadi, amma ban taɓa jin mace ta ce watanta ya ɗan yi jinkiri sannan ya zo ba, ba tare da gabana ya faɗi ba.

Bayan suna na koma gidanmu wankan jego. Washegari da hantsi ina zaune a bakin ƙofa ina ba yaro nono, sai na ga Yaya ta fito daga madafa da ƙwaryar dusa, ta jiƙa ta, ta sa kanwa kamar kullum. Ta nufi gindin dogon yaro tana 'yar waƙarta. Sai da ta kai gaban turken sannan ta tuna. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu, tana kallon guntun igiyar da ya rage a jikinsa.